KAFIN KA ZUBA KUƊINKA A WAYA, DUBA RANAR FACINTA

  

Mun saba kawo muku labarin gero da dawa da wake da riɗi, da yadda dabbobi suka kwana a kara. Yau kuwa za mu yi magana a kan jakar da kuɗin waɗannan kaya ke shiga bayan an sallama, watau babbar waya, wadda ake shafawa. Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne wannan: waya tana da rai biyu. Akwai ran jikinta, gilashi da batir da lasifika, wanda kowa ke gani. Akwai kuma ran makullinta, wanda ba a gani. Sau da yawa makullin kan mutu shekaru kafin jikin ya gaji, mai ita kuwa bai sani ba, yana nan yana zuba mata kuɗin bijimai.

YADDA KUƊIN KASUWA YA KOMA CIKIN WAYA

Dattawanmu sun san zamanin da fatake ke ɗaura kuɗi a ƙugu cikin lalita. Wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta 2001, amma a lokacin gaisuwa kawai ake yi da ita, da tambayar farashi. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya kawo lambar BVN, wadda ta ɗaure duk asusun mutum da yatsunsa. A watan Disamba 2020 aka ba da umurni kowane layi a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Sannu a hankali layi da asusu da sunan mutum suka zama tsintsiya ɗaya.

Abin da ya ƙarasa tura mu shi ne canjin kuɗi. A watan Oktoba 2022 Babban Banki ya sanar zai sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa ƙarshen Janairu 2023 ya zama wa'adin tsofaffi. Mutanen Daura ba su manta ba, ranar Lahadi 29 ga Janairu 2023, ranar da Mai'adua ke ci, gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya zo nan Daura wurin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, aka ƙara kwana 10. Duk da haka tsabar kuɗi ta yi wuya makonni da yawa. Wanda ya rantse ba zai taɓa karɓar taransfa ba, tilas ya karɓa, in ba haka ba ya koma gida da akuyarsa. Tun daga nan mai awo da mahauci da dillalin shanu kowa ya buɗe asusu, na banki ko na OPay ko Moniepoint ko PalmPay, ana jiran alat kafin a saki igiya.

To, yawancinmu da gaggawa muka shiga wannan harka, da wayar da ke hannu, ko wadda ɗa ya gaji da ita ya ba uba, ko kwancen da aka samo da rahusa. Nan ne matsalar take.

MENE NE FACI

Kowace babbar waya tana da uwar manhaja a cikinta, wadda ke tafiyar da kome. A wayoyin Tecno da Infinix da itel da Samsung da Redmi sunanta Android, kamfanin Google na Amurka ne ke rubuta ta. Ta iPhone kuwa kamfanin Apple ne ke yin abarsa. Wannan manhaja rubutu ne mai tsawon gaske, aikin mutane da yawa, kuma duk aikin ɗan Adam ba ya rasa kuskure. Wani kuskuren ba ya cutar da kowa. Wani kuwa ɓaraka ce, kamar tsaguwar bangon rumbu, wadda ɓarawo zai iya zura hannu ta ciki.

Idan masana suka gano ɓaraka, sai su gaya wa kamfani, kamfani ya rubuta gyara ya turo wa wayoyi ta intanet. Wannan gyara shi muke kira faci, kamar dai yadda mai faci ke toshe hujin taya. Shi ne saƙon nan da kan fito a waya yana neman a sabunta, wanda da yawanmu kan ture don kada ya cinye data.

Amma facin Android ba ya zuwa kai tsaye. Google ya rubuta, ya miƙa wa mai ƙera ƙwaƙwalwar wayar, shi kuma ya miƙa wa mai ƙera wayar, sa'an nan wannan ya daidaita shi da kowane samfuri ya turo. Aikin nan yana cin kuɗi, kuma kamfani ba ya samun ko kwabo daga wayar da ya riga ya sayar. Saboda haka kowane samfuri yana da wa'adi. Idan wa'adin ya cika, sai a yaye shi. Ba a aiko wa mai waya da wasiƙa, ba ta mutuwa, ba ta rage haske. Tana kira, tana ɗaukar hoto, sai dai daga ranar nan duk ɓarakar da aka gano a buɗe za ta zauna har abada.

DALILIN DA YA SA HAƊARIN KE ƘARUWA KULLUM

Wani zai ce, ai wayata jiya lafiya take, yau ma lafiya take, me ya canja? Abin da ya canja shi ne ilmin ɓarawo. Tun daga watan Agusta 2015 Google ke buga jerin ɓarakar da ya toshe kowane wata, a fili, kowa na iya karantawa. Mai gyara yana karantawa, mai kutse ma yana karantawa. A ce maƙerin kwado ya yi shela a kasuwa cewa kwadon da ya sayar bara yana buɗewa da ƙusa, kowa ya zo ya karɓi sabo. Wanda ya je ya tsira. Wanda bai je ba ya fi jiya shiga haɗari, domin yanzu duk ɓarayin gari sun ji. Wayar da aka yaye ita ce shagon da ba za a ƙara ba shi sabon kwado ba, alhali kowane wata ana sake yin shela.

Ga misalai na gaske. A watan Yuli 2015 wani masani mai suna Joshua Drake ya bayyana ɓarakar da aka sa wa suna Stagefright. Da saƙon bidiyo guda ana iya shiga waya, a wasu wayoyin ko mai ita bai buɗe saƙon ba. An ƙiyasta ta shafi wayoyi wajen miliyan 950. Ita ce ma ta tilasta aka fara facin wata-wata.

A watan Satumba 2017 kamfanin Armis ya bayyana wata mai suna BlueBorne. Wannan ta Bluetooth take shiga. Muddin yana kunne, mutumin da ke kusa da kai, kamar nisan rumfa da rumfa, zai iya kutsawa ba tare da ka amsa kome ba. Wayar da facinta ya tsaya kafin wannan wata tana nan da ƙofar a buɗe.

Na uku ya fi kusa da mu. Wayoyi masu rahusa da yawa ƙwaƙwalwar kamfanin MediaTek na Taiwan ke cikinsu. An gano ɓaraka a wasu nau'o'in wannan ƙwaƙwalwa, wadda ke ba ƙaramar manhaja ikon mallake waya ɗungum. Google ya sa gyaranta a jerin watan Maris 2020. Sai ga shi a watan Oktoba 2021 kamfanin Lookout ya gano wata muguwar manhaja da aka kira AbstractEmu, a ɓoye cikin manhajoji 19 masu kama da na kirki, wasu na adana lambobin sirri, wasu na lissafin kuɗi. Da me take fasa waya? Da tsofaffin ɓaraka da aka daɗe da toshewa, har da ta MediaTek ɗin nan, da wasu na tun 2015. Watau masu ita ba su wahalar da kansu neman sabuwar hanya ba, sun san duniya cike take da wayoyin da faci bai kai gare su ba. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi wa jama'a gargaɗi a kanta cikin wannan shekara.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A watan Maris 2020 ƙungiyar kare masu saye ta Ingila mai suna Which? ta ce fiye da wayoyin Android biliyan 1 a duniya ba su ƙara samun faci, watau kusan biyu cikin kowane biyar a lokacin.

ABIN DA ƁARAWO KE YI IN YA SHIGA

Ba hotunan bikin 'yarka yake nema ba. Abu uku yake so. Na farko, ya karanta saƙonninka, domin lambar nan ta ɗan lokaci da banki ke turowa kafin kuɗi su fita ta saƙo take zuwa. Na biyu, ya ɗora maka shafin ƙarya a bisa manhajar bankinka, mai launi ɗaya da tambari ɗaya, ka rubuta lambar sirrinka da hannunka ka ba shi. Na uku, ya kwashe lambobin abokan cinikinka, ya tura musu saƙo da sunanka. Haka wata muguwar manhaja mai suna Flubot ta riƙa yi, wadda NCC ta yi kashedi a kanta a watan Oktoba 2021, kafin 'yan sandan Turai su rushe cibiyarta a 2022. Ita ta saƙo take zuwa, a ce maka kana da kaya a hanya, ka taɓa nan ka duba.

A lura, sababbin Android ba faci kaɗai suka fi tsofaffi da shi ba, har da yawan ƙofofi. Tun daga Android 13, wadda ta fito a 2022, manhajar da aka shigo da ita ta bayan gida ba ta samun izinin sarrafa fuskar waya cikin sauƙi. Tsohuwar waya ba ta da wannan mai gadi.

Ga dillali kuwa hasarar ninki biyu ce. Kuɗin da ke asusunsa ranar kasuwa sau da yawa ba nasa ba ne, na mai dabba ne da ke zaune a inuwa yana jira, ko na baƙon da ya turo daga Legas ko Fatakwal a yi masa lodi. La'adarsa 'yar kaɗan ce a ciki. In aka kwashe, shi zai biya duka, sa'an nan sunan da ya shekara ashirin yana ginawa ya sami tabo. Jarin dillali amana ce, ba kuɗi ba.

MATSALA TA BIYU: MANHAJA TA ƘI BUƊEWA

Idan waya ta tsufa ƙwarai, masu manhajoji su ma sai su janye. WhatsApp ya bar BlackBerry a ƙarshen 2017. Daga 24 ga Oktoba 2023 ya bar duk Android da ba ta kai ta 5 ba. A 2025 ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Bankuna ma haka suke yi lokaci-lokaci.

To, a nan ne mutum kan tsere wa hayaƙi ya faɗa wuta. Sai ya tafi wurin yaran da ke tura waƙa da fim a bakin kasuwa, a tura masa wata ta Xender, ko a sa masa GB WhatsApp da 'yan'uwansa, a ce masa wannan ya fi na asali, har saƙon da aka goge yana nunawa. Waɗannan ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, ba wanda ya san hannu nawa suka bi, kuma kamfanin da kansa ya ce yana iya rufe layin mai amfani da su. A watan Agusta 2021 kamfanin Kaspersky ya sami muguwar manhaja mai suna Triada a cikin ɗaya daga cikinsu, FMWhatsApp, tana karanta saƙonni tana sa mutum cikin rajistar biyan kuɗi ba da saninsa ba. Yaron da ya tura maka ba lalle ne ya san da haka ba, shi ma tura masa aka yi. Tsohuwar waya da manhajar bayan gida, an haɗa bango mai tsaguwa da ƙadangare.

YADDA AKE DUBA HAƘORAN WAYA

Ba dillalin da zai taya sa don ƙahonsa ya yi kyau. Sai ya buɗe baki ya ƙidaya haƙora. Waya ma tana da nata, kuma duba su ba ya cin minti biyu.

A shiga setin, alamar nan mai kama da faranti mai haƙora. A gangara wurin da aka rubuta "About phone", a wasu wayoyin "My phone". A nemi lambar Android, sa'an nan a ƙarƙashinta ko kusa da ita akwai layi mai kalmar "security" tare da kwanan wata. Wannan kwanan wata shi ne ranar facin ƙarshe. Wanda boko ke ba shi wuya ya ba ɗansa ko wani amintacce ya karanta masa, ya rubuta ranar a littafin bashi.

Ga shekarun haihuwar Android don a riƙe: ta 5 a 2014, ta 6 a 2015, ta 7 a 2016, ta 8 a 2017, ta 9 a 2018, ta 10 a 2019, ta 11 a 2020, ta 12 a 2021, ta 13 a 2022, ta 14 a 2023, ta 15 a 2024, ta 16 a 2025. Google kan bi kowace ɗaya da faci na shekara uku da 'yan kai. Android 12 ma a 2025 ya sallame ta.

Shawararmu a kan kwanan watan ita ce: in bai wuce wata shida ba, madalla. In ya kai shekara, a haɗa wayar da intanet a nemi sabuntawa a cikin setin, wataƙila faci yana nan yana jira kai ne ka ture shi. In aka nema ta ce ba wani sabo, alhali ranar ta haura shekara, to ka ɗauka an yaye ta. In ta kai shekara biyu ko uku, wannan ba wayar ajiyar kuɗi ba ce.

GA MAI SAYE DA MAI SAYARWA

Kwancen waya da ke zuwa mana daga kasuwar Farm Centre ta Kano, ko Computer Village ta Ikeja, wadda ake kira 'yar Landan ko 'yar Dubai, sau da yawa jikinta garau ne. Amma a tambayi kai, me ya sa Bature ya rabu da ita? Wani don ya ga sabuwa ne, wani kuwa don wa'adinta ya kusa. Babbar waya mai tsada ta shekara shida da suka wuce na iya fin ƙaramar sabuwa kyan hoto, ta kuma fi ta rauni wajen tsaro.

Sabuwa cikin kwali ma a duba. Wa'adi ba daga ranar da ka saya ake ƙirga shi ba, daga ranar da samfurin ya fito ne. Wayar da ta shekara biyu a kanta tana jiran mai saye ta riga ta cinye shekara biyu daga rabonta.

Tsawon wa'adi ya bambanta ƙwarai. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 a watan Oktoba 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a watan Janairu 2024. A Tarayyar Turai, daga 20 ga Yuni 2025, doka ta tilasta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfuri, amma wannan dokarsu ce, ba ta hau kan kayan da ake kawo mana ba. Masu rahusa da suka fi yawa a hannunmu, galibi shekara biyu zuwa uku ne, wasu ko haka ba su kaiwa. Saboda haka a yi lissafi irin na ɗan kasuwa: kuɗin waya a raba shi da shekarun facin da suka rage mata. Wadda ta rage shekara ɗaya a rabin kuɗi ta fi tsada a kan wadda ta rage shekara huɗu a cikakken kuɗi. Araha ba ta ado.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu sayar da waya da dillalanta, kun san hukuncin ɓoye aibin kaya a Musulunci, ba sai mun tsaya faɗi ba. Wanda ya sayar da saniya mai ciwon ciki bai faɗa ba ya ci haram, ko da fatarta na sheƙi. Wanda bai san zancen faci ba a da, yana da uzuri. Yanzu kuwa an sani. In dattijo ya zo ya ce waya yake so ta karɓar kuɗin hatsi, a buɗe masa ranar facin a gabansa, a gaya masa gaskiya, a sa mata farashin da ya dace da shekarunta. Mai yin haka ba zai rasa abokin ciniki ba, ƙaruwa ma zai yi.

WANDA BA SHI DA HALIN CANJAWA YANZU

Mun san halin da ake ciki, ba kowa ke iya sayen waya don an ce ya saya ba. To, ga abin da zai rage hasara.

Na ɗaya, a raba gida. Layin da ke ɗaure da asusu a cire shi daga tsohuwar babbar waya, a sa shi a ƙaramar waya mai madannai, a riƙa aiki da lambobin nan masu tauraro da banki ya bayar. Tsohuwar ta zama ta kallo da sauraren karatu da ɗaukar hoton kaya.

Na biyu, a sa wa layin kansa lambar sirri, domin ƙaramar waya ita ma tana da nata ciwon: in aka zare ta a cunkoson kasuwa, layin kawai ɓarawo ke bukata. Amma a yi hattara, kuskure uku a jere yana kulle layi sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka sayo shi, saboda haka a sa wanda ya iya ya taimaka, a kuma adana katin.

Na uku, asusu biyu. Na kasuwa a bar masa abin juyawa na yini, babban jari ya kwana a asusun da ba ya cikin kowace waya.

Na huɗu, kada a karɓi manhaja ta Xender ko ta saƙo, ko daga wa take. Daga Play Store kaɗai, kuma duk wadda ba a aiki da ita a goge ta. Manhajar tocila da ke neman izinin karanta saƙo ba tocila ba ce.

Na biyar, Bluetooth da Wi-Fi su zauna a kashe sai an bukace su.

Na shida, wayar kuɗi ba ta kwana wurin mai caji, ba a miƙa ta a buɗe ga mai tura fim, ba a ba yara su yi wasa. In za a kai gyara, a cire layi tukuna.

Na bakwai, a kunna makulli na biyu na WhatsApp, lamba shida da kai kaɗai ka sani, yana nan cikin setinsa.

IN ZA A RABU DA TSOHUWA

Kada a miƙa ta haka nan. A fita daga manhajojin banki, a cire asusun Google, a cire layi da katin memori, sa'an nan a wanke ta a mai da ita yadda ta fito daga kamfani. Har wa yau a sani, a tsofaffin Android ƙwarai wankin ba ya share kome da kome. A 2014 kamfanin Avast ya sayi kwancen wayoyi 20 da masu su suka wanke, ya tono hotuna sama da 40,000 daga ciki. In tsohuwa ce tukuf kuma ta taɓa riƙe hoton katin banki ko na ɗan ƙasa, gara ta zauna a gida da a sayar da ita kuɗin goro.

IN ABIN YA RIGA YA FARU

Alamu su ne alat na kuɗin da ba kai ka fitar ba, ko lambar banki ta shigo ba ka nema ba, ko kuɗin kira na ƙarewa ba dalili, ko abokai su ce ka roƙe su kuɗi alhali ba ka yi ba. Kada a jira gobe. Yawancin bankuna suna da lambar rufe asusu da ake bugawa ko daga wayar wani. Tun yau a je a tambaye ta, a rubuta a takarda a sa a aljihu, ba a cikin wayar ba. Bayan an rufe, a je banki da kai a rubuta ƙorafi a karɓi shaidar an kai, a je ofishin kamfanin layi, a sanar da 'yan sanda. In banki bai warware ba, Babban Banki yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna. A kuma sanar da sarkin kasuwa ko shugaban dillalai, don a yi shela kada wani ya tura kuɗi da sunanka. Kunya ba ta mai da kuɗi, sauri ne wani lokaci ke mayarwa.

KALMAR ƘARSHE

Kada wani ya karanta wannan ya zaci sabuwar waya laya ce. Mafi yawan kuɗin da ake kwashewa da bakin mai su ake buɗe ƙofa: a kira ka a ce daga banki ne, BVN ɗinka ta sami matsala, karanto lambar da ta shigo yanzu. Banki ba ya tambayar wannan lamba, ko ta katinka, ko ta sirrinka. Wanda ya faɗa, ko wayarsa jiya ta fito daga kwali, ya miƙa makulli da hannunsa. Faci yana tsare bango ne, baki kuwa mai shi ke tsare shi.

Abin da muke roƙo ɗan kaɗan ne. Kafin Lahadi mai zuwa kowa ya buɗe setin wayarsa ya duba kwanan watan nan guda, ya duba na maƙwabcinsa na rumfa da bai iya ba. Wanda ya ga nasa ya shekara biyu ko fiye, ya fitar da kuɗin mutane daga ciki tun kafin a yi lodi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya kare mu daga hasarar dare da ta rana, ya ba Mai Martaba Sarkin Daura lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Haza wassalam.